Giginyar Ungulu da Ɗakin Baƙi

Alfari ya sare giginya biyu a gonarsa, ya fasa su azara, ya rufe ɗakin baƙi da su.

Ba a ɓoye ya yi ba. Ya je wurin kwamitin da ke kula da giginyar garin, ya ce yana da baƙi tafe, aka ba shi izini. Ya zaɓi maza biyu tsofaffi a bakin fadama, waɗanda suka fi saura tsawo, don azarar tsohon namijin giginya ko gara ba ta iya mata. Ɗaya daga cikinsu akwai sheƙar ungulu a kanta. Alfari ya ɗaga kai ya duba, ya ga ba kowa a ciki, ya tofar da yawu, ya ce wa mai gatari ya fara da wannan.

Baƙin kuwa na ɗiyarsa ne, Sakina. Ita ce ta bi lakwal, wato karatun boko, har ƙarshensa, yanzu tana koyarwa a jami'a, fannin itatuwa da tsuntsaye. Ta haɗa kai da wasu malamai biyu na ƙetare, wata Madam Bake daga Paraku ta ƙasar Benin, da wani Malam Zahradeen daga Kabi ta Najeriya. Kowa zai kwaso ɗalibansa su tsallako iyaka, su yi kwanaki a Tungar Rabo suna karatu a daji tare da 'yan Nijar. In abin ya yi kyau, kowace shekara a nan za a riƙa yi, su ma ɗaliban Sakina su samu hanyar zuwa can.

Da ta zo bayan kaka da maganar, ba ta ja ta da tsawo ba.

"Karatun giginya za su zo yi, Baba."

"A daji?"

"A daji."

"To, su zo. Ina za su kwana?"

"Suna da tanti."

"Baƙon gidan nan bai taɓa kwana cikin ƙyalle ba."

Ta yi dariya ta koma birni, ta ɗauka magana ta ƙare. Shi kuwa washegari ya sa aka fara haƙar ƙasa.

Kakansa Rabo ne ya kafa tungar a kan hanyar Tunuga. Tun daga zamaninsa, duk wanda rana ta faɗi masa tsakanin kogi da Gaya, gidan nan yake sauka: fatake, masunta, Fulani masu ƙetarar da shanu. Ba a taɓa jin wanda ya sauke kayansa a gidan, ya sake ɗauka ya tafi neman makwanci wani wuri ba. Alfari ba shi da garke, ba shi da mota. Sunan nan shi ne gadonsa, kuma ba ya tsoron komai kamar ya lalace a hannunsa.

Da tsufansa ya shiga kwaɓin ƙasa da ƙafarsa. Matarsa Hasiya ta tara mata suka yi daɓe, suka shafe bango da farar ƙasa.

"Ko ranar da aka kawo ni ba ka yi mini ɗaki irin wannan ba, Malam," in ji ta.

"Ke ba baƙuwa ba ce."

"Ranar nan ai baƙuwa ce ni."

"Kin tafi?"

Ta yi tsaki tana murmushi, ta ci gaba da shafe.

Baƙi suka iso da hantsi cikin motoci biyu, a tsakiyar sanyi. Samari da 'yan mata suka diro da jakunkuna da huluna, wasu na Faransanci, wasu na Ingilishi, in harshe ya gaza sai a ƙarasa da hannu. Malam Zahradeen ne ya fara isowa gaban Alfari, dogo mai yawan dariya, ya durƙusa.

"Baba, mun same ku lafiya? A yi mana afuwa, mun makara. A iyaka aka buɗe akwatin madubanmu na hangen nesa, kowa sai da ya ɗora a ido ya hango garinsu."

Alfari bai yi dariya ba. Ya ce a kawo ruwa.

Madam Bake gajeruwa ce, furfura ta fara cin kanta, da malfa irin ta maza da madubi rataye a wuya. Ta cire takalmi kafin ta hau tabarma. Ta gaishe shi da Dendanci, harshen mutanen bakin kogin, ta tambayi gida, ta tambayi gona, ta tambayi kogi, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Sannan ta juya Hausa, irin ta kasuwa, mai ɗingishi amma ana ganewa.

Alfari ya shaida ta. Ita ce matar da ke tsayar da mota a bakin hanya duk lokacin sanyi, ta kafa madubi a ido ta wajen gonarsa, ta daɗe tana kallon sama, ta shiga mota ta tafi. Ya ɗauka cikin masu awon hanya take. A gidan nan ba a yi wa baƙo tambaya kafin ya ci abinci.

Ya ce mazan za su kwana a zaure da rumfa, sabon ɗaki kuma na Madam ne da 'yan matan. Ya shige gaba ya buɗe ƙofa da kansa. Ɗakin ya yi sanyi, yana ƙamshin sabuwar ƙasa. 'Yan matan suka shiga suna shafa bango. Madam ta ɗaga kai ta dubi azara, baƙa wuluk, jere kamar an auna da zare.

"Baba, wannan itace ya daɗe a duniya."

"Ya girme ni," in ji Alfari. Ya ji daɗin maganar, amma bai bari ta fito a fuskarsa ba.

Sakina ma ta ɗaga kai. Ita ba ta yaba ba.

"Baba, daga ina azarar?"

"Daga gonata. Daga ina kuma?"

"Wace gonar?"

"Baƙi na jin yunwa," ya ce, ya fita.

Aka ci shinkafa da kifi, aka sha fura. Hasiya ta fito da kwaryar muruci, ɗaliban Paraku suka nuna sun san shi, na Kabi suka ce nasu ya fi zaƙi, aka yi ta musu ana ɓarewa. Sakina ba ta ci abin kirki ba. Sau biyu tana matsowa kusa da uban, sau biyu yana juya mata baya yana zuba wa baƙo miya.

Bayan azahar aka ɗauki hanyar fadama. Alfari na gaba da sandarsa. Aka ratsa gonakin dawa da aka girbe, aka shiga cikin giginya. Madam ta wuce shi da sauri kamar wadda ta san hanya. Da aka kusa, ta juyo ta ɗora yatsa a baki, ta ce kowa ya yi shiru, a taka a hankali. Ɗalibai suka fiddo madubai. Alfari ya dube su. Bai taɓa ganin wanda ya yi wa giginya sanɗa ba.

Suka zagaya wata tsamiya. Madam ta tsaya cak.

Kututture biyu ne a gabansu. Busassun ganye na zube a gefe, da ƙirare a warwatse cikin ciyawa. Madam ta dubi sama inda babu komai. Ta dubi ƙasa. Ta sunkuya ta ɗauki ƙirare guda, ta jujjuya shi, ta zauna a kan kututturen.

Alfari ya gyara murya.

"Nan na samo muku azara. Wannan da kike kai har da sheƙar ungulu a kanta. Na ce baƙi za su zo karatu wurin nan, ba za su zauna ƙarƙashin ƙazanta ba. Na kawar muku da ita."

Malam Zahradeen ya dafe kai. Wata ɗaliba ta tambayi ta kusa da ita abin da tsohon ya ce, aka fassara mata, ta rufe baki da hannu. Madam ta miƙe, ta faɗi wata gajeriyar magana da Faransanci, ta kama hanyar gida ita kaɗai. Ɗalibai suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Aka bar Alfari da ɗiyarsa.

"Mi ta ce?"

"Ta ce an gama."

"An gama mi?"

"Baba, sheƙar nan suka zo gani."

Ya dube ta da kyau, ko wasa take.

"Daga Paraku? Daga Kabi? Mutane su tsallako iyaka don sheƙar ungulu?"

"Ita kaɗai ta rage da muka sani a wannan gefen kogi. Shekaru Madam na bin ta. Miji da mata ne, kowane sanyi suna dawowa kanta, ƙwai ɗaya suke yi a shekara. Ɗaya tak. A kanta muka shirya karatun nan duka."

"Ungulu ta cika duniya."

"Yaushe rabonka da ganinta?"

Ya buɗe baki zai amsa. Ya tuna kasuwar Gaya da yana saurayi, mahauta na korar su da sanda, suna dira a kan rumfuna kamar kaji. Ya tuna ranar layya, yadda suke jeruwa a kan katanga. Ya nemi ta bana, ya nemi ta bara, bai samu ba.

"Suna ƙarewa, Baba," in ji Sakina. "Wasu guba ke kashe su a jikin mushe. Wasu kuma kamawa ake yi, a yanke kai a kai wa masu magani. Har ƙetare ake kai su."

"Kika ce mini karatun giginya."

"Mun yi alkawari da Madam ba za mu faɗa wa kowa ba. In labari ya fita, masu neman kai za su zo."

"Ni ne kowa?"

Ta sunkuyar da kai.

"A gonata. Ke da na haifa. Ni ne kowa?"

Can ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Za ta ce a ɗora kaya. Yau su kwana otel a Gaya, gobe kowa ya koma ƙasarsa. Baɗi kuma can gefen Benin za a yi, in ma an yi."

"Sun sha ruwan gidana."

"Baba…"

Ya wuce ta, yana dogara sanda da ƙarfi.

Ko da ya iso, shofer, wato direba, ya hau kan mota ana miƙa masa jakunkuna. Jakunkunan da aka shigar sabon ɗaki da hantsi, su ne ake fitarwa. Maƙwabta sun leƙo ta kan danga. Wasu dattawa biyu da suka dawo daga masallaci sun tsaya a bakin hanya, ba su ƙaraso ba, ba su kuma wuce ba. Alfari ya san kafin magariba labarin zai kai Tunuga.

Hasiya na tsaye a ƙofar gida da ludayi a hannu.

"Malam, ashe abin da mutane suka zo gani ka rufa musu a ka?"

"Shiga ciki."

"Na shiga in dafa wa wa? Tukunya na kan wuta, masu ci na kan mota."

A gindin dalbejiya Malam Zahradeen na fama da Madam. Da Hausa yake yi, don shi ba ya jin Faransanci, ita ba ta son Ingilishi.

"Madam, itace ne ya faɗi, tsuntsu bai mutu ba. An ce ba kowa a sheƙar lokacin da aka sare itacen. Suna nan wani wuri, ƙila yanzu haka suna ɗaukar ƙirare. Mun zo mu nuna wa yara sheƙa, to su nemo ta da ƙafarsu mana. Wallahi ya fi zama da madubi kamar masu jiran wata."

"A nema ina? Giginya dubu nawa ce daga nan zuwa kogi?"

"A tambayi mutane."

"A tambayi mutane, gobe a sayar da kansu a kasuwa."

"Ni dai yarana sun ci shinkafar Inna Hasiya. In kika ce su koma, ke za ki faɗa musu, ba ni ba."

Wasu ɗalibai sun zauna a kan jakunkunansu, ba su miƙa wa shofer ba. Suna kallon malaman.

Alfari ya ƙaraso. Malam Zahradeen ya ja gefe. Tsohon bai zauna ba, ya tsaya ya dafa sanda da hannu biyu.

"Madam, na san ki. Kin daɗe kina tsayawa bakin gonata."

"Na daɗe."

"Kin taɓa yin sallama?"

"Ban taɓa ba."

"Tsuntsu a gonata yake. Ke kika san darajarsa, ni ke da gatari. Kika bar mai gatari cikin duhu."

"In na faɗa maka, za ka faɗa wa wani."

"Gari duka zan faɗa wa. In ce ungulun nan a gonar Alfari ta sauka, wanda ya taɓa ta ya taɓa ni. Ki tambaya ko akwai mai hawa itacen da na hana."

"Yanzu kake faɗin haka, Baba." Ta girgiza kai. "Da na zo na ce maka ungulu nake gadi, dariya za ka yi mini."

Alfari ya yi tunani. Ba ya son ƙarya ko da za ta taimake shi.

"Da na yi dariya," ya ce. "Amma da ban sare ba."

Madam ta cire malfa ta riƙe a hannu. Ta dubi Sakina, wadda ta iso ta tsaya nesa kaɗan. Su biyun suka kalli juna.

"Akwai masu tunga daga nan har Tunuga," in ji Alfari. "Kowa ya san itacen gonarsa. In na aika, za a duba. Wanda aka samu a gonarsa, a ɗora masa amana a gaban mutane, da sunansa. Haka muke tsare abu a nan. Ba mu iya tsaron abin da ba mu san da shi ba."

"In kuma cikin masu ji akwai mai sayarwa?"

"Akwai. Ba garin da babu. Amma zai san idon gari na kansa."

Ta daɗe tana murza bakin malfar. Alfari ya ga maganar ta shige ta, ya kuma ga ba ta isa ba.

"Ƙila kana da gaskiya," ta ce a hankali. "Ƙila ni ma na yi kuskure. Amma ɗakin can, Baba, ba zan iya ba. In na kwanta na ɗaga ido, ita zan gani. Shekaru ina kallon itacen nan a tsaye. Ba zan iya kwana ƙarƙashinsa ba. Ka yi haƙuri."

Ta yi wa shofer alama ya ci gaba.

"Azara ce ta kore ki?"

"Baba, ba kora ba ce."

"Na tambaye ki. Azara ce?"

"Ita ce."

"To."

Ya juya. Ya ƙwala wa 'ya'yan ƙanensa kira, ƙarti uku da ke tsaye bakin danga suna kallo. Ya ce su kawo tsani da galma da kwanduna. Suka dubi juna. Ya maimaita, bai ɗaga murya ba. Suka ruga.

"Malam, mi za ka yi?" in ji Hasiya.

"Rufin zai sauka. Azara ta fita daga gidan nan, a kai ta inda aka saro ta. Madam da yaranta su kwana ɗakina da naki. Mu zaure ya ishe mu."

"Zaure da maza cike? Ka haukace? Daɓen da muka yi har hannuna ya kumbura?"

"A jingina tsani."

Aka jingina. Ƙartin suka hau, suna waiwayensa ko zai fasa. Sakina ta zo ta durƙusa a gabansa.

"Baba, don Allah ka bari. Laifina ne, ni ban faɗa maka ba. Rushe ɗaki ba zai tayar da giginya ba."

"Ban ce zai tayar ba. Baƙuwa ta ce abu ya hana ta kwana a gidana. Abin zai fita, ita ta kwana."

Ya ɗaga sanda. Galma ta farko ta sauka a kan rufin. Ƙasa ta tsage. Ta biyu ta sauka, aka ji ɓarɓashi na zuba a kan daɓe daga ciki. Mutanen tunga sun taru yanzu, ba mai ɓoyewa bayan danga. Ɗalibai sun miƙe tsaye. Shofer ya tsaya da jaka a hannu, bai ɗaure ba, bai sauke ba.

Alfari bai dubi kowa ba. Rufin yake kallo. Ya san kowace azara da ke ƙarƙashin ƙasar nan, shi ya nuna inda za a ɗora ta. Gwiwarsa har yau ba ta daina ciwo ba tun kwaɓin. Ya ji kowane sara a ƙirjinsa, ya ƙara riƙe sanda.

Ya ji muryar Madam a bayansa tana tambayar Hasiya.

"Inna, da gaske zai sauke shi?"

"Tun ina yarinya nake gidan nan, ɗiyata. Ban taɓa ganin ya ce zai yi abu ya fasa ba. Shi ya sa na tsufa da wuri."

"Itacen ya mutu sau ɗaya. Yanzu zai sake kashe shi a banza."

"Faɗa masa. Ni ya daina jin tawa tun kafin a haifi Sakina."

Madam ba ta faɗa masa ba. Ta nufi mota, ta miƙa hannu, ta ce wa shofer ya ba ta jakarta. Ta saɓa ta a kafaɗa. Ta zo ta wuce ta gaban Alfari, ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta shige ɗakin.

"Kai, ku tsaya!" Malam Zahradeen ya daka wa na sama tsawa. "Akwai mutum a ciki!"

Galma ta tsaya a sama. Ɗalibar nan da ta rufe baki a fadama ta ɗauki jakarta ta bi malamarta. Wata 'yar Kabi ta bi ta. Sai sauran 'yan matan suka kwashi nasu, suna ture juna a ƙofa, wata na dariya, wata na share hawaye. Samarin suka fara karɓar kaya daga hannun shofer ba tare da an ce musu ba.

Alfari ya taka zuwa bakin ƙofa. Madam ta share ɓarɓashin ƙasa da hannu, ta shimfiɗa tabarma a tsakiyar ɗaki, ta zauna ta miƙe ƙafa. Haske na shigowa ta 'yar ɓarakar da galma ta yi, ya sauka a kan furfurarta. 'Yan matan sun zauna kewaye da ita.

"Madam, fito. Ƙasa za ta zubo miki."

"Gobe da safe kai za ka shige gaba, Baba. Tunga bayan tunga. Kai za ka yi magana, mu muna bayanka."

"Na ji. Fito."

"Yara su raba kansu, kowane rukuni da ɗan Nijar da ɗan Benin da ɗan Najeriya, da mutumin gari ɗaya. Sakina, kin ji?"

"Na ji, Madam," in ji Sakina daga waje, muryarta ta dawo.

"In ba mu same su bana ba, baɗi mu dawo mu ci gaba. Zahradeen?"

"Ni ai tun ɗazu na sauke jakata," in ji shi. "Inna, a ƙara wuta."

Aka yi dariya a waje. Alfari bai yi ba.

"Kin ce ba ki iya kwana ƙarƙashinta."

"Na faɗa. Ƙila ba zan yi barci ba. Zan kalle ta, in tuna ban yi sallama ba."

"Ba na son baƙo ya kwana da ciwon rai a gidana. Na ce azarar nan za ta fita, kuma a gaban mutane na faɗa. Ki fito a gama aiki."

Ƙartin da ke sama sun leƙo ta ɓarakar suna jiran abin da za a ce. Hasiya ta matso bayansa da ludayinta. Dattawan nan biyu sun ƙaraso har tsakar gida. Alfari ya buga sanda a dokin ƙofa.

"Madam, magana ta ƙarshe. Ki fito."

Madam Bake ta ajiye malfarta a kan jaka, ta gyara zama, ta dube shi ido cikin ido.

"Ba zan fito ba."